An Hana Tasso Gudu

Leona Vidrine ta rantse, ta sake rantsewa, cewa ta gama jinyar zuciya a duniya. Bara warhaka tana kan wata kujerar asibiti mai taurin tsiya, tana jiran likitoci su gama ɗinke ƙirjin mijinta Ovide. Da aka sallamo shi aka ce ya huta, ban da ɗaukar nauyi, ban da gudu, a rage masa gishiri. To amma Ovide ne fa. Watanni ta yi tana binsa: ta ƙwace shebur daga hannunsa, ta sauko da shi daga kan tsani, ta ɓoye makullin tarakta a cikin gwangwanin gari. Da ƙyar da jiɓin goshi mutumin ya dawo mutum. Ta ce to, an gode Allah, yanzu ita ma sai ta miƙe ƙafa ta huta.

Ina hutu! Ranar wata Asabar cikin Nuwamba ta aike shi sayen abincin kaji, sai ga shi ya dawo da kare a kujerar gaban a-kori-kura. Abincin kajin ma ya manta da shi.

"Wannan fa?" in ji Leona daga baranda.

"Kare ne."

"Na ga kare ne, Ovide, ban makance ba. Karen wa?"

"Namu."

Wai 'yan gidan tsintattun karnuka ne suka baje kolinsu a ƙofar shagon abincin dabbobi, suna neman masu ɗauka. Wannan kuma karen farauta ne, an tsince shi a bakin wata gonar shinkafa, mai shi ya yar da shi da ya ga gudunsa ya ragu. Kunnuwa zalalo-zalalo, haƙarƙari duk a waje, ga wani busasshen tari da yake yi lokaci zuwa lokaci. Ovide har ya raɗa masa suna a hanya, Tasso, sunan naman nan da ake busarwa da hayaƙi, don a cewarsa karen bai fi shi danshi ba.

"Sai dai akwai 'yar magana," in ji Ovide, yana sosa ƙeya. "Sun ce yana da tsutsa a zuciya."

Leona ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta a hankali.

"A ina?"

"A zuciya."

"Ka ji min mutum! Duk karnukan jihar Louisiana, ga gurgu, ga mai ido ɗaya, ga mai ƙazwa, ba ka ga ko ɗaya ba sai mai ciwon zuciya?"

"Shi ne ba wanda ya yarda ya ɗauka, tsohuwa."

"Saboda suna da hankali!"

Ta ce ya mayar da shi. Ta faɗa da safe, ta faɗa da rana, ta faɗa suna cin abincin yamma. Ovide ya ce to, to, gobe. Ran Litinin sai ga su a asibitin dabbobi su uku, kuma ita ce ke riƙe da igiya.

Likitan dabbobin garin, Dokta Manuel, yaro ne da Leona ta sani tun majina na zuba a hancinsa, domin ita ce ta yi aikin girki a makarantar firamare har ta yi ritaya, kuma ba ta manta yadda yake ɓoye wake a aljihu don kada ya ci ba. Yanzu ga shi da farar riga, har da gemu. Ya ɗauko wata kwalba daga kan kanta ya dire a gabanta. Zuciyar wani kare ce a ciki, an tsaga ta, tsutsotsi farare dogaye sun cika ta kamar dafaffiyar taliya. Leona ta kawar da kai, ta ce ya ɗauke mata ƙazantarsa.

"Sauro ne ke kawo ta, Mis Leona."

"To ai shi ke nan. A garin nan ko kujera ka bari a waje sai sauro ya cije ta."

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Za a fara da ƙwayoyi, sannan allura ɗaya, a huta, sannan biyu a jere. Allurar za ta kashe tsutsotsin, amma matattun ba su da ƙofar fita, a cikin jijiya za su zauna su narke sannu a hankali. Idan zuciyar ta buga da ƙarfi, sai su gutsuttsure, jini ya kwashe su ya kai huhu, su toshe hanya. Daga nan kare na iya faɗuwa matacce yana tsakiyar wasa.

Sai ya ɗaga mata yatsa. Yaron da ta share wa hanci, ya ɗaga mata yatsa!

"Ki saurare ni da kyau, Mis Leona. Ba gudu. Ba tsalle. Ba wasa. A keji zai zauna, in zai yi fitsari a fita da shi da igiya, a dawo da shi. Yawancin karnukan da muke rasawa ba allura ce ke kashe su ba, gudu ne."

Leona ta juya ta dubi mijinta. Kalmomin nan kaf ta taɓa jin su, daga bakin wani likitan, a kan wani majinyacin. Ovide ya duƙufa wajen karanta wata takarda da aka manna a bango.

Da farko ta ce karen Ovide ne, shi ya ga zai iya. Ba a yi mako ba ta kama shi yana jefa wa Tasso safa a falo, karen na daka tsalle yana cafewa.

"Wai so kake ka kashe shi?"

"Haba, 'yar safa ce fa. Ya gaji da zama, tausayinsa nake ji."

"Tausayinka ne zai kai shi rami. Ba ni igiyar nan."

Tun daga ranar jinya ta dawo hannunta, kuma jinya ce ta gaske. Ta cusa ƙwaya a cikin nama, Tasso ya cinye naman tas ya tofo mata ƙwayar a kan takalmi. Ta cusa a cikin cuku, haka. Sai da ta koyi buɗe masa baki da hannu tana tura ta har maƙogwaro, tana yi tana tsaki. Ɗaya daga cikin magungunan kuma na sa shi shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, abin da ya sha kuwa dole ya fito. Ga Leona nan da sanyin safiya cikin rigar barci da takalmin roba, tsaye a bayan gida kusa da akurkin kajinta, tana jiran mai girma ya zaɓi ciyawar da ta dace da shi. Ga ta nan kuma da hantsi, da rana, da yamma. Maƙwabta suka fara tambayarta lafiyar karen kafin su tambayi tata.

Aka yi allurar farko bayan Kirsimeti. Karen ya kwana biyu yana nishi, bayansa ya kumbura, daga nan ya ji sauƙi, kuma sauƙin nan shi ne masifar. Karen farauta da ya fara jin ƙarfi a jikinsa, a ce ya kwanta a keji! Kurege ya gilma ta taga, sai kuka da kokawa da ƙarfe. Ta rufe tagogin da zannuwan gado. Mai kawo wasiƙu ya danna ƙararrawa, keji ya kusa kifewa. Ta ɗauko almakashi ta datse wayar ƙararrawar. Fada, limamin cocinsu, da kansa ya zo gaishe su, ta tare shi a bakin titi ta ce su gaisa a nan.

A cikin haka ta gano wani abu da ya ƙara ba ta haushi: ba abin da ke kwantar da karen nan kamar faɗanta. In ta ja kujera kusa da keji tana ɓare gyaɗar bishiya tana mita, sai ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, ya zuba mata ido, numfashinsa ya daidaita. Ta yi shiru, ya fara mutsu-mutsu. To sai ta ci gaba. Ta kai masa ƙarar Ovide, ta kai masa ƙarar surukarta da ta rasu tuntuni, ta kai masa ƙarar tsadar man girki. Ba a taɓa sauraron ta haka ba tun da aka yi mata aure. Wata rana ta farga yatsunta suna cikin keji tana murza masa kunne, ta zare da sauri kamar ta taɓa tukunya mai zafi. Amma ta san gaskiya. Karen ya shiga ranta, ba ta so hakan ba, kuma tsoron mutuwarsa ya fara hana ta cin abinci da daɗi.

Allurai biyun ƙarshe suka faɗo ana saura mako guda da 'yan kwanaki bikin Mardi Gras. Dokta Manuel ya ce makonnin nan su ne mafi haɗari, yanzu ne tsutsotsin ke mutuwa gaba ɗaya. Ya sake ɗaga mata yatsa. Ta ce in ya kuma sai ta karya shi.

A mota, suna dawowa, ta ce, "Bana ba za su tsaya a gidanmu ba."

Ovide bai tambaye ta su wa ba. Kowace Talatar ƙarshe kafin azumin Kirista, mazan garin kan rufe fuska, su sa kayan tsummoki masu geza da huluna masu tsini, su bi gida-gida, wasu a kan dawaki, wasu a tirelar da tarakta ke ja, suna waƙa suna roƙon kayan miyar gumbo da gari zai sha da yamma. Mai gida ya jefa musu kaza mai rai, su bi ta da gudu cikin taɓo har wani ya cafke. Tun zamanin kakan Ovide ba a taɓa tsallake gidan Vidrine ba. Shi kansa ya yi gudun nan tun yana saurayi, har zuwa lokacin da aka tsaga masa ƙirji. Bara yana kwance aka yi. Bana ya saki rai cewa ko bai yi gudu ba, ai dai zai jefa kazar da hannunsa.

"Gardawa fiye da hamsin suna ihu a tsakar gidana, da kiɗan akodiyon da goge, da giya a cikinsu, ga kaza tana tashi sama, ga karen farauta a keji? Ka yi tunani mana."

"Na ji," in ji Ovide.

Ta kira ƙaninta Hilton a waya, don shi ne kyaftin ɗin 'yan Mardi Gras, mai alkyabba da farar tuta da bulala.

"Bana ku wuce mu."

"Yaya, gidan Vidrine? Me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu ni na ce. Kaza kuke so, ina da ita a firiza, ka aiko a karɓa."

"Daskararriyar kaza? Don Allah wa zai bi daskararriyar kaza?"

"Ku mirgina ta a ƙasa ku bi. Hilton, in na ga hula mai tsini ko ɗaya a ƙofar gidana, ni da kai ne."

Ovide bai sake tayar da maganar ba. Ya sha maganinsa a kan lokaci, ya wanke kwanuka ba a sa shi ba, har da yabon miyar da ba gishiri. Da Leona ba ta gaji ba, da wannan ladabin kaɗai ya isa ya sa ta zargi wani abu.

Ranar Talata ta tashi da shirinta. Ta ƙara zani a kan tagogi, ta kunna rediyo kusa da keji, ta zauna ta buɗe babin faɗa. Wajen hantsi ta ji kiɗa can nesa, ta hanyar da ke bayan gonarsu, ta ce madalla, Hilton ya ji magana, sun zagaye. Tasso kuwa ya fara ƙugi yana tono ƙofar keji, alamar ruwan da ya sha yana neman hanya. Ta jira, ta jira, ta ga zai jiƙa shimfiɗa. Ta ɗaura masa igiya suka fita ta ƙofar baya.

Tana tsaye kusa da akurki ta lura da abu biyu. A-kori-kura ba ta nan. Jar kazarta, wadda ta fi kowace ƙwai, ita ma ba ta nan.

"Ovide," ta ce a hankali. "Kai, Ovide."

Abin da ya faru, kamar yadda ta ji daga baya, shi ne tsohon ya ƙulla da Hilton a ɓoye. Ba za a zo gida ba, an yarda. Amma ƙasar Vidrine ai ba a baranda ta ƙare ba. Za a tsaya can ƙarshen fili, a gindin babbar bishiyar da ke bakin gonar shinkafa, inda ko ihu ba ya isowa gida sosai, ya jefa kazarsa, kowa ya kama gabansa, Leona ba ta ma sani ba. Dabara ta yi kyau, sai dai ya kamata ya sayo kaza a wani wuri, shi kuwa ya ga asara ce alhali ga kaji cike da akurki. Shekara da shekaru a tsakar gida ake jefa kazar, ta yi ta zagaye a nan har a kama ta, don haka ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunanin inda kazar gida ke nufa idan ta firgita. Gida take nufa.

Leona ta hango wani jan abu yana tahowa ta tsakiyar fili, rabi gudu rabi tashi. A bayansa kuma garke guda na tsummoki masu launi-launi, suna ihu, suna faɗuwa, suna tashi, huluna suna zubewa. Kai tsaye kazar ta nufo akurki, kuma akurkin yana bayan Leona.

Ta ji igiyar ta yi tauri. Tasso ya sandare, ƙafa ɗaya a sama, sannan ya saki wani kuka mai tsawo da ba ta taɓa jin irinsa daga bakinsa ba.

"A'a! Tasso, a'a! Zauna!"

Igiyar ta zare daga hannunta ta tafi da fatar tafinta, ita kuma ta zube a kan gwiwoyi cikin taɓo. Kazar ta ga kare a gaba, ta yi kwana ta nufi gefen fili. Tasso ya bi ta. Kuma a faɗi gaskiya, gudu ne mai kyau, cikinsa na shafar ciyawa, kunnuwa sun koma baya. 'Yan Mardi Gras suka ɗauka ƙarin wasa ne, suka ƙara ihu suka bi su duka biyun.

Sai ta hango na ƙarshensu. Ba tsummoki a jikinsa, ba abin rufe fuska, rigar sanyi ce mai ruwan toka wadda ita ta saƙa. Ovide ne, yana gudu iya ƙarfinsa cikin taɓo, yana ɗaga hannu yana kiran karen. Gudu yake, da ƙirjin nan da aka ɗinke.

Leona ta yunƙura ta tashi daga cikin taɓon. Ta buɗe baki ta rasa sunan wanda za ta fara kira. Tsoro irin na ranar kujerar asibiti ya dawo mata gaba ɗaya.

Tasso ne ya fara faɗuwa. Yana tsakiyar gudu ƙafafunsa na gaba suka lanƙwashe, ya tuntsura, ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Kazar ta samu hanya ta haye rufin akurki. Ko da Leona ta isa, karen na kwance a gefensa yana tari, kumfa mai ja-ja a bakinsa, harshensa ya yi fari. Ovide ya iso bayanta ya durƙusa, yana haki kamar zai shiɗe, leɓunansa sun sauya launi. Gardawan suka yi musu zobe, wasu har yanzu suna dariya don ba su gane ba. Hilton ya sauko daga kan dokinsa.

"Yaya, wallahi ban…"

Ta fizge bulalar daga hannunsa ta shiga rabo. Ba ta zaɓa ba, wanda ya fi kusa shi ya samu.

"Ku matsa! Ku ba shi iska, 'yan banza! Kai kuma," ta juya kan Ovide, "ƙwayarka, ƙarƙashin harshe, yanzu-yanzu! Wani ya kira min Dokta Manuel! Ku kira shi a waya, ko yana ina!"

Ba wanda ya taɓa aljihu. Sai wani daga sahun gaba, taɓo har kunne, da gashin jelar jar kaza cike da hannunsa, ya matso a sanyaye ya ɗaga abin rufe fuskarsa. Ga gemun nan.

"Kai!"

"Mis Leona, ban san gonarku ce ta wannan gefen ba, na rantse…"

"Kai ne ka ɗaga min yatsa! Ba gudu, ba tsalle! Ashe kai ne a gaba!"

"Ki dake ni daga baya. Yanzu ki bar ni in duba shi."

"Ka sha giya?"

"Ko kurɓa. So nake in kama kazar."

Ya durƙusa ya ɗaga leɓen karen, ya kara kunne a ƙirjinsa, fuskarsa ta canza. Ya ce a ɗauke shi a kwance, kada a jijjiga shi, sai an kai shi inda akwai iskar oksijin. Hilton ya kwance alkyabbarsa ya shimfiɗa a ƙasa. Mutum huɗu suka kama kusurwoyi, suka ɗaga, suka bi ta cikin fili suna sanɗa, gezar tsummokinsu na kaɗawa. Sauran suka biyo baya, huluna a hannu, ba mai ko tari. Leona na tafe hannu ɗaya a kan karen, ɗayan riƙe da hannun rigar Ovide, tana zagin su biyun ƙasa-ƙasa ba tsayawa, don ta ga idon Tasso na kanta.

Hilton ya shiga gaba da farar tuta ya buɗe musu hanya ta tsakanin dawaki da tireloli. A asibitin dabbobi aka sa Tasso cikin akwatin gilashi mai iska, Dokta Manuel na soka masa allura da tsummokinsa a jiki. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, gudan tsutsa ya shiga huhu, sai an ga yadda kwana biyu masu zuwa za su kasance. Ta sa Hilton ya wuce da Ovide asibitin mutane ko yana so ko ba ya so. Aka auna shi, aka ce ɗinkin ya riƙe, amma kada ya kuma.

Washegari, Larabar Toka, ranar fara azumin, suka dawo daga coci da toka a goshi, suka zauna a kicin. Keji na nan a kusurwa, ba kowa a ciki. Leona ta ƙi kallon wajen. Ovide ya daɗe yana juya kofin kofi a hannunsa.

"Sun hana ni tarakta," ya ce. "Sun hana ni farauta, sun hana ni gudu. Jefa kazar nan kaɗai ta rage min, Leona. Na ɗauka ba za ta cuci kowa ba."

Ta yi niyyar ta ce masa sakarai, ta ce masa marowaci da ya kasa sayen kaza guda. Duk ta tanade su tun jiya. Amma da ta buɗe baki wani abu daban ya fito.

"Ni kuma kai ka rage min. Ka san abin da na gani? Na ga ku biyu kuna gudu, na ce shi ke nan, yau zan koma gidan nan ni kaɗai. Na tsorata, Ovide. Ban taɓa tsorata haka ba, kuma kai ka ja min."

Ta fashe da kuka, kukan haushi, tana share ido da bayan hannun da aka naɗe mata da bandeji. Ya miƙo hannu, ta buge shi. Ya sake miƙowa, ta bar shi.

Ran Juma'a da safe waya ta yi ƙara. Dokta Manuel ne, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar ɗalibin da aka kama. Ya ce Tasso ya ɗaga kai, ya sha ruwa, an sa masa ƙwaya a cikin nama ya cinye naman ya tofar da ƙwayar.

"To ya warke ke nan, ɗan banza," in ji Leona, ta zauna a ƙasan kicin.

Zaman keji ya koma farko, da ƙarin magunguna a kai. Ta sake rufe tagogi, ta sake tsayuwar safiya cikin takalmin roba, ta sake buɗe babin faɗa, wanda yanzu ya samu sababbin shafuka. Jar kaza ta sauko daga rufi ba jela, ta yi fushin mako biyu sannan ta koma ƙwai. Hilton kuwa, a ƙarshe daskararriyar kazar nan ya zo ya karɓa, kansa a sunkuye, kuma an ce miyar bana ba ta da laifi.

Sai bayan bikin Ista da 'yan makonni, sauro ya dawo, gonakin shinkafa sun yi kore, Dokta Manuel ya saurari ƙirjin karen ya daɗe, ya ce ana iya fara sakinsa. Bai ɗaga yatsa ba, hannayensa biyu suna cikin aljihu.

Da yamma suka fito baranda. Leona ta durƙusa ta kwance igiyar. Tasso ya tsaya ya dube ta, kamar bai yarda ba.

"To tafi mana. Me kake jira, takardar gayyata?"

Ya sauka matakala a hankali, ya shinshina ciyawa, ya yi 'yar sassarfa. Sannan ya miƙe, ya nufi ƙarshen fili, kunnuwa a baya. Leona ta bi shi da ido har ya kai gindin babbar bishiya, ya zagaye ta, ya juyo da gudunsa bai faɗi ba.

Ovide ya yi dariya, ya tafa hannu, ya yunƙura daga kan kujera ya nufi matakala. Ta cafko bel ɗin wandonsa ta baya.

"Ina za ka?"

"Zan ɗan tare shi ne kawai."

"Shi aka sallama. Kai zauna."

Ya zauna. Karen ya sake zagaye fili, ya dawo, ya sake tafiya. Har rana ta faɗi suna nan a baranda, sauro na cizon su, kuma Leona ba ta saki bel ɗin ba.